Kayan hasashen ruwa na dam: wanne ya cancanci kuɗinku?

Duk wanda aka damƙa wa ƙofofin dam a Arewacin Kamaru, tambaya ɗaya ce ke hana shi barci daga Agusta zuwa Satumba: a saki ruwa yau ko a jira? In ya yi gaggawa kuma damina ta ɗauke da wuri, manoman rani da masu lantarki su koka. In ya riƙe har dam ya cika maƙil, dole ya buɗe lokaci guda, mutanen gangare su kwana cikin ruwa. Mazauna bakin Binuwai daga Garwa har Yola ba su manta 2012 ba, shekarar da aka saki ruwan dam ɗin Lagdo. Shi ya sa 'yan kwangila ke yawo da manhajojin hasashe, kowa na yabon hajarsa.

A fara da na kyauta. GloFAS na Tarayyar Turai yana hasashen cikar koguna makonni gaba, Flood Hub na Google kuma har kwana 7, duk a intanet ba ko sisi. Ga manyan koguna irin Binuwai da Logon da Shari suna da amfani, suna nuna cewa ruwa na tafe. Amma daga nesa suke kallon ƙasa. Ba su san ƙofa nawa ka buɗe da safe ba, ƙananan mayo kuwa, wato rafukan da ke gudu da damina, kusan ba sa ganinsu. A duba su kullum, kada dai a buɗe ƙofa da maganarsu kaɗai.

Sai manhajojin da ake ɗora wa kwamfutar ofis. HEC-HMS tana lissafin yawan ruwan da zai gangaro dam idan aka yi ruwan sama kaza, 'yar'uwarta HEC-ResSim kuma tana gwada tsarin buɗe ƙofofi. Injiniyoyin sojan Amurka ne suka yi su, kuma kyauta ake sauke su. Akwai GR4J ta Faransa, mai lambobi 4 kacal da ake daidaitawa, mai sauƙin sha'ani, sai dai lissafin rana-rana take yi. Kuɗin waɗannan yana wurin mutum: injiniyan da zai zauna ya daidaita manhajar da bayanan shekarun baya, ya kuma tsaya bayan an gama bikin ƙaddamarwa. HEC da Turancin Ingilishi take, alhali yawancin ma'aikatanmu da Faransanci suka yi karatu. A sa kuɗin horo a lissafi tun farko.

Na kuɗi, irin MIKE ta kamfanin DHI na Denmak, kaya ne mai kyau, kuma akwai wanda za ka kira idan ta cije. Matsalar ita ce lasisi da sabuntawa, waɗanda ake biya da kuɗin waje, a kan sefa kusan 656 kowane yuro. In tallafi ne ya saya, wa zai biya a shekara ta huɗu? Ga dam mai girman Lagdo, wanda aka gama a 1982 mai injinan lantarki 4 masu jimillar megawat 72, wannan kashin kuɗi yana da hujja. Ga ƙaramin dam na ruwan sha ko na ƙungiyar manoma, barin kuɗi ne.

A ganina, abin da ya kamata a fara saya ba ya cikin kwamfuta ma. Ma'aunin ruwa ne a bakin kogi, domin manhaja ba ta da abinci sai abin da aka auna. Mafi arha shi ne sandar awo mai lambobi, a samu ɗan ƙauyen ya karanta safe da yamma ya turo ta waya. In ana biyansa a kan kari, ba ta lalacewa. Na'urar da ake nutsarwa cikin ruwa tana aiko saƙo da kanta, amma a mayo mai yashi sai ka tarar ta binne bayan ambaliyar farko. Mai radar da ake ratayewa a ƙarƙashin gada ba ta taɓa ruwa, ta fi tsada, kuma farantin solarta yana jan idon ɓarawo, don haka a haɗa da keji na ƙarfe da mai gadi. A gwada sabis na waya a wurin kafin a biya.

Inda za a kafa ma'aunin ma magana ce. Mayo-Kebbi yana haɗuwa da Binuwai ne a ƙasan Lagdo kafin Garwa, saboda haka wanda ya auna abin da ke shiga dam kaɗai bai san abin da zai isa gari ba. A Maga kuma, inda aka yi katangar ƙasa mai kusan kilomita 27 a 1979 don noman shinkafa na kamfanin gwamnati SEMRY, ido biyu ake bukata: ɗaya kan Logon mai tashi a hankali, ɗaya kan Mayo Tsanaga da ke bi ta Marwa, wanda yake yashi tsagwaro da rani amma ya cika cikin awoyi. Irin wannan mayo awon sa'a-sa'a yake so.

Kafin sa hannu, a ba ɗan kwangila bayanan ruwan saman daminar 2012 ko 2022, a ɓoye masa awon kogi, a ce ya fitar da ranar da ruwa ya kai ƙololuwa. A kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa bayanan da aka tara naku ne, kuma gyaran da ya taso a Agusta a Agusta za a yi shi.