Sabuwar ƙota ga bindigar Baba: aikin wani masassaƙi a cikin birnin Zariya

Bindigar da zan yi magana a kanta mai baki ɗaya ce, ƙirar Rasha, mai cin harsashi lamba 12. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, kuma tun da ta dawo hannuna lasisinta da sunana yake. Ni ba na fita farautar gayya. Gona gare ni a hanyar Giwa, gaba da Shika kaɗan, kuma duk shekara idan masara ta fara goyo birai sukan sauko mata. Da kaka kuma, in an yi sa'a, a samu zabo ko fakara.

Shekara goma sha ɗaya ina harbi da ita tana cizona. Baba gajere ne mai ƙaramin hannu, kuma shi da kansa ya sa aka rage tsawon gindinta don ta dace da shi. Ni kuwa dogo ne, tafin hannuna faffaɗa. Duk lokacin da na taɓa kunama, ƙarfen da ya zagaye ta sai ya dawo ya buge ni a gaɓar yatsan tsakiya, babban yatsana kuma ya nufo hancina. Har ta kai ina runtse ido kafin ƙara ta tashi, kuma duk maharbi ya san mai runtse ido ba ya samun nama. Ga shi wuyan ƙotar ya tsage tun bara waccan, na naɗe shi da robar tayar keke ina lallaɓawa.

Ɗan wana ne ya fara sa ni tunanin cewa ba dole ne in zauna da wannan ciwo ba. A Amurka ya yi karatu, kuma can ya yi zama da mutanen da ke riƙe libarba irin ta da, wadda sai ka ja kunamar baya da babban yatsa kafin kowane harbi. Ya ce, “Baffa, su can mariƙin ɗungurungum suke kwancewa su ɗaura wani.” Ya nuna mini hotuna a waya. Wadda kamfanin Colt ya fitar a 1873 mariƙinta gajere ne mai lanƙwasa kamar hannun garmar shanu, mai babban hannu ƙaramin yatsansa a waje yake kwana, don haka wasu suke ɗaura mata mariƙin ƙirar 1860 da ya fi tsawo. A 1894 kamfanin ya fito da wani siffar mai suna Bisley, sunan wani filin gasar harbi a Ingila, wanda ya fi miƙewa ƙasa. A ƙirar kamfanin Ruger kuwa kusoshi biyar ne kawai ke riƙe da ƙarfen mariƙin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata babbar libarbarsu ta 1959, da aka san ta da bugun gaɓar yatsan tsakiya, daidai inda tawa ke buguna. A nan ƙasar dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin waɗanda aka hana, sai da izinin shugaban ƙasa, saboda haka ban taɓa riƙe ko ɗaya ba. Dabarar kawai na ɗauka: ƙarfe ya zauna yadda yake, a sauya wurin da hannu ke kamawa.

Sarkin bakan unguwarmu ne ya kwatanta mini wani dattijo a cikin birni, in ka shiga ta Ƙofar Doka ka yi ta bin lungu. Ba shago ba ne mai allo, zaure ne da rumfa a gabansa, ga turame da taɓare da ƙotocin fartanya jingine a bango. Na gaishe shi, na faɗi wanda ya turo ni. Kafin ya dubi bindigar sai da ya ce in nuna masa takardarta. Sannan ya ce, “Malam, ni icce nake taɓawa, ba na taɓa ƙarfe. Bututun ka mai da shi gida. Uwar ƙarfen kuma, wato inda kunama take, ba za ta kwana a zaurena ba, ranar gwaji ka zo da ita ka koma da ita.” Wannan magana ta kwantar mini da hankali ƙwarai, a irin wannan zamani da muke ciki.

Da na ba shi labarin mutanen Amurka da kusoshinsu biyar, bai yi mamaki ba. Ya ɗauko ƙotar fartanya biyu ya jera, ɗaya ta fi ɗaya da kusan taƙi. Ya ce wannan ta wani dogon manomi ce, waccan ta ɗansa, kuma da za a musanya musu, kafin la'asar duk su biyun bayansu zai sage.

Awon da ya yi mini shi ne abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan. Ya sa na dafa gindin tsohuwar ƙota a cikin gwiwar hannuna na miƙa yatsa, sai ga yatsan ya wuce kunama da gaɓa guda da rabi. Ya sa na rufe ido na ɗaga ta zuwa kafaɗa sau goma, yana tsaye a gefe yana duban inda kuncina ke sauka. Daga nan ya kwaɓa yumɓu ya manna a jikin wani sanda ya ce in damƙa kamar zan yi harbi. Ya ajiye wannan yumɓun a inuwa ya bushe, kuma da shi ya riƙa gwada kaurin wuyan ƙotar har aka gama. A nan ne na ga tafin hannuna yana da rami a tsakiya wanda tsohuwar ƙota ba ta taɓa cikewa ba, shi ya sa bindigar ke zamewa baya ta buge ni.

Mun ɗan yi gardama a kan icce. Ni ƙirya na so don ƙarfinta. Ya ce ƙirya ta turmi ce da gawayin maƙera, za ta yi nauyi ta janye bakin bindiga sama. Marke kuma na fartanya ne. Ya shiga ciki ya fito da guntun maɗaci da ya ce ya shekara uku a rataye, ya nuna mini yadda jijiyar iccen ta bi ta wuyan a miƙe, don in ta gitta a nan ne ƙota ke karyewa. Na bar masa, kuma ya fi ni gaskiya.

Sau huɗu na koma da uwar ƙarfen. Yakan shafa mata baƙin tukunya, ya tura ta cikin iccen, ya zare, duk inda baƙi ya taɓa ya kankare da ɗan ƙaramin kurfi, ya sake. Gizago na farkon aiki ne kawai, sauran duk magagari ne da haƙuri. Yanzu ko tsinken tsintsiya ba ya shiga tsakanin ƙarfe da icce.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba, kuma zan faɗe shi. Ya ce mako biyu, sai da aka yi bakwai. Lokacin ya faɗo gab da damina, manoma sun yi masa caa da fartanyoyi, aikina ya koma gefe, kuma ba shi da waya a hannu, sai dai ka je ka tarar. Na yi zuwa biyu daga Samaru a banza. Abu na biyu, ranar da na karɓi ƙotar ya shafe ta da man sheƙi irin na kujerun kafinta. Kyau kam ta yi, amma da hannuna ya yi gumi sai ta koma kamar sabulu. Na mayar, ya kankare da sanfefa ya yi ta shafa mata mai da tafin hannu kwana uku, bai ƙara mini ko kwabo ba. Zanen da ya yi a mariƙi don kada hannu ya zame, na gefen dama ya fita tsaf, na hagu layukansa sun karkace. Robar da ya sa a gindi kuma daga tsohuwar taya ya yanko, tana rage dukan kafaɗa amma tana bar wa farar riga baƙi. Wannan zan sauya ta.

Naira dubu arba'in na biya, har da kuɗin icce, na ba da rabi tun farko. A ganina aikin ya fi kuɗinsa. Wanda zai je ya je da rani bayan an gama girbi, ya tafi da takardarsa, ya kuma faɗa tun farko cewa mai yake so ba sheƙi ba.

Ƙotar ta ƙaru da inci ɗaya da rabi, wuyanta ya yi kauri ya ɗan sunkuyo ƙasa, ƙaramin yatsana ya samu wurin zama. Na gwada ta a gona, na kafa kwali a jikin kututturen ɗorawa na ja baya taku talatin. Harsashi biyar na harba, yatsana bai ji komai ba, kuma a na ukun ne na lura idona a buɗe yake har na ga kwalin yana girgiza.

Tsohuwar ƙotar dattijon ya so in bar masa ya yi wa wani yaro samfuri da ita. Na ba shi haƙuri na taho da abata. A gefen damanta akwai wurin da iccen ya yi baƙi ya lotsa kaɗan, daidai inda babban yatsan Baba yake zama. Na cire mata robar keken, na goge ta, tana rataye a ɗakina kusa da jakarsa ta fata.