Sayayyar jinyar karayar muƙamuƙi: blanda, madarar gwangwani ko kunun gida?

Kafin a fitar da ko sisi, a tambayi likitan da ya yi aikin: haƙora aka ɗaure da waya, ko ƙarfe aka ɗora wa ƙashin aka kafe da kusoshi? Sayayyar ta bambanta. Wanda aka ɗaure wa baki, yawanci na mako 4 zuwa 6, ba abin da zai shiga cikinsa sai abin da ya bi ta tsakanin haƙora. Mai ƙarfe kuwa yana buɗe baki, bayan 'yan kwanaki ya koma abinci mai laushi da harshe ke iya murƙushewa, ban da tauna. Da yawa daga masu wannan karaya a Birnin Kebbi, Jega ko Argungu matasa ne da suka faɗi a babur, kuma abin da ke kayar da su bayan an sallamo su rama ce, ba ciwon ba.

Blanda iri uku ake samu. Ƙaramar da ake caji da wayar salula tana markaɗa ayaba da gwanda, amma da ta haɗu da nama ko wake sai ta tsaya. Mai wat (ma'aunin ƙarfin injin) 300 zuwa 400 tana yin aiki idan an dafa abin ya yi lugub kuma an zuba romo. Mai wat 600 zuwa sama ita ce ke mayar da kifi da kaza ruwa. Sai dai in unguwarku wuta sai an ga dama, babbar blanda ado ce kawai. Turmi mai tsabta da dafuwa mai kyau sun fi ta amfani. Injin markaɗen unguwa bai dace ba, don ragowar barkono da ruwan da ake wanke shi da shi ba na mai ɗinki a baki ba ne. Ko wacce aka zaɓa, a haɗa da rariya mai ƙananan ido da ƙyallen tata. Su ne mafi arha a duk sayayyar, kuma su ne ba a iya yi ba tare da su ba: ƙaya ɗaya ta kifi ko dusar gero da ta maƙale a waya tana iya jawo kumburin dasashi.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne abincin. Mai nauyin kilo 60 yana buƙatar furotin, sinadarin da ke gina nama da ƙashi, kimanin giram 70 zuwa 90 a rana kafin ya warke. Koko da kunun tsamiya suna cika ciki amma kusan gari ne da ruwa, shi ya sa mutum ke shan su safe da yamma yana ƙara zubewa. Gwangwanin Ensure ko Complan, garin ƙarin abinci da ake damawa a sha, yana da sauƙin haɗawa, ba ya toshe waya, yana da bitamin, amma kofi ɗaya na Ensure bai kai giram 10 na furotin ba, kuma gwangwanin ba ya jimawa. A ganinmu wurinsa kwanakin farko ne, ko ranar tafiya Sakkwato ganin likita.

Haɗin gida ya fi riƙe mutum. Ƙwai ɗaya yana da furotin giram 6. Cokali uku cike na madarar gari mai cikakken maiƙo kusan giram 8. A zuba su a kofin kunun gyaɗa, a ƙara cokali ɗaya na man gyaɗa, wanda shi kaɗai kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) 120 ne, an sami abin da ya fi na gwangwani furotin a kuɗi kaɗan. A sha ƙaramin kofi sau 6 zuwa 8 a rana, don bakin da ke ɗaure ba ya shan da yawa a zama ɗaya. Wajen sayen madara a karanta bayan leda: mai kyau tana da furotin wajen giram 24 zuwa 26 a cikin giram 100. Farin garin da ake aunawa a kasuwa don shayi wani lokaci mai ne da sitaci kawai. Ƙwai a dafa shi, kada a sha ɗanye. Waken suya ma sai an jiƙa an tafasa sosai, in ba haka ba yana kumbura ciki. Kifin Yawuri, a dafa a cire ƙaya a markaɗa da romonsa a tace sau biyu, ya fi kowane gwangwani daɗin baki ga wanda zaƙi ya gundura. Mai ciwon suga kuwa kada ya bi wannan lissafi sai ya ji daga likitansa.

Fura fa? Ana sha, amma a dama ta da ruwa-ruwa, a tace, a nemi marar yaji, kuma nonon ya zama wanda aka tafasa madararsa kafin a kwantar. Rake, goro, kilishi da ƙuliƙuli sai likita ya ba da izini. Taba tana jinkirta haɗewar ƙashi.

A kemis, a sayi sirinji mai mil 50 ko 60 mai dogon baki da guntun bututun roba, a riƙa zura shi ta gefen kumatu zuwa bayan haƙorin ƙarshe. Ya fi tsinken tsotso a kwanakin farko, don tsotso na iya tayar da jini a wurin ɗinki. Sai burushin yara mai laushi, man baselin na leɓe, da ruwan kurkure baki na chlorhexidine in an rubuta shi. Yana ɗan rina haƙora idan aka daɗe. Ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri bayan kowane ci kyauta ne. In da waya a baki, a roƙi likita ya nuna yadda ake yanke ta idan amai ya taso, abin yankan kuma ya kwana kusa da majinyaci.

Motsa jiki ba ya cin kuɗi. Tafiya a ƙasa minti 10 zuwa 15 da sanyin safiya tana rage taurin bayan gida. Noma, ɗaukar buhu da hawan babur su jira aƙalla mako 6, ƙwallo da kokawa kuma wajen wata 3. In sujada na ƙara bugun jini a fuska a makon farko, a yi salla a zaune.

Bayan an kwance waya baki zai ƙi buɗuwa, wannan ba abin tsoro ba ne. Akwai na'urar buɗa baki ta ƙasar waje mai tsada, akwai kuma ƙananan katakan da likita ke danne harshe da su, a jera su tsakanin haƙora ana ƙara ɗaya bayan 'yan kwanaki. Ga mafi yawan mutane katakan sun wadatar, muddin likita ne ya ce a fara. Abin da ake nema shi ne yatsu uku na majinyacin su shige a tsaye tsakanin haƙoran gaba, kusan milimita 35 zuwa 40. In haƙoran sama da na ƙasa suka daina haɗuwa yadda suke a da, ko zazzaɓi da ruwan mugunya suka bayyana, a ajiye katakan a koma asibiti a ranar.