Hattara da masu tallar na'urar gano ƙarfe ta bakin teku

Jama'a, duk wanda ke shirin sayen na'urar gano ƙarfe don neman zobba da sarƙoƙi da tsabar kuɗin da ke faɗuwa a bakin teku, ya dakata ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗinsa. Akwai masu talla a shafukan sada zumunta da ke sayar da na'urori masu arha, suna rantsuwa cewa suna aiki a ruwan gishiri, ruwa ba ya shigarsu, kuma suna jin zinariya daga zurfin mita 5. Duka ukun nan akwai ƙarya a ciki.

Ku lura da bidiyon da suke sakawa. Mutum zai tsaya can sama inda yashi ya bushe ƙamas, ya binne zobe da ɗan yatsa, ya wuce da faifan na'urar a kai, ta yi ƙara, ya tono yana murmushi. Ga teku a bayansa, amma ba zai taɓa sauka inda igiyar ruwa ke jiƙa yashi ba. A nan damfarar take. Busasshen yashi kusan kowace na'ura tana aiki a kansa. Jiƙaƙƙen yashi kuwa cike yake da ruwan gishiri, shi kuma ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, don haka na'ura ke jinsa kamar ƙarfe. Waɗannan masu arhar irin da ake kira VLF ne masu zango ɗaya tak, wato sigina iri ɗaya kawai suke aikawa cikin ƙasa. Da ka sauka da su wurin danshi sai su kama kuka ba ƙaƙƙautawa, lambobi na tsalle a allo, ka tona nan babu komai, ka tona can babu komai. In ka rage mata ƙarfin ji don ta yi shiru, to zoben da ke ƙasa ma ba za ta ji shi ba. Abin takaicin shi ne siginar ƙaramar zinariya tana kusa da ta gishiri, sai ka ga wurin kawar da gishirin an kawar da siririyar sarƙar da aka fito nema. In yashin baƙi ne mai sinadarin ƙarfe, abin ya ƙara dagulewa.

Iri biyu ne ke jure wannan wuri. Akwai wadda ake kira PI, mai harba bugun lantarki cikin ƙasa, wadda gishiri bai cika damunta ba kuma tana shiga zurfi, sai dai ba ta iya bambance ƙusa da zobe sosai, za ka sha tonon marfin kwalba har ka gaji. Akwai kuma mai aiki da zango da yawa a lokaci guda, irin su Equinox ta kamfanin Minelab da ta fito a 2018, da Legend ta kamfanin Nokta, da Deus II ta kamfanin XP. 'Yan damfara sun san sunayen nan, shi ya sa suke yin jabu da launi iri ɗaya da tambari a kwali, alhali cikin kayan wasan yara ne. Wasu kuma sai su rubuta cewa tasu tana da zango uku ko huɗu. Ka tambaye su: a lokaci guda, ko kuwa ɗaya bayan ɗaya ake zaɓa? Wadda ake zaɓa ɗaya-ɗaya ba ta warware matsalar gishiri.

Batun shigar ruwa kuwa wayo ne na magana. Faifan ƙasa ne kawai ke jure ruwa a yawancin masu arha. Akwatin da ke ɗauke da allo da batir, igiyar ruwa ɗaya ta fantsamar masa, gishiri ya ci cikinsa, shi ke nan. Kamfanin gaskiya yana faɗin zurfin ƙarara: Equinox 800 mita 3, Deus II mita 20, Excalibur II ta Minelab mita 60. Wanda ya ce maka "ba ta jin ruwa" bai faɗi mita nawa ba, kuma bai ce dukan na'urar ba, to faifan yake nufi.

Zurfin mita 5 ɗin ma tatsuniya ce. Na'ura mai kyau tana jin zobe ko kwabo a wajen santimita 20 zuwa 30. Mafi muni su ne masu sayar da wata aba mai eriya da ke juyawa a hannu, wai tana nuna inda zinariya take daga nesa. Irin wannan dabarar ce ta kai James McCormick kurkukun shekara 10 a Ingila a 2013, bayan ya sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe na'urar gano bam ta bogi mai suna ADE 651, wadda asalinta abin neman ƙwallon golf ne.

Kafin ka biya, ka nemi hoton lambar da ke jikin na'urar, ka tuntuɓi kamfanin da kanka ko dilan da sunansa ke shafinsu su tabbatar maka. Ka ce a yi maka sabon bidiyo a kan jiƙaƙƙen yashi, daidai inda ruwa ke zuwa yana komawa, a binne zobe a zurfin wajen santimita 20, a nuna allo ba tare da yanka bidiyon ba. Gwajin wuce zobe a gaban faifai cikin iska ba ya nuna komai. Ka nemi rasit da takardar garanti, kuma kada ka yarda da hanyar biyan da ba a iya dawo da kuɗi. In ya fara cewa saura ɗaya, wani na jira, ka tura yanzu, ka bar wa wancan ya saya.