Epoxy ko tayil a daɓen gareji?

Mai gida a gindin dutsen Kwatarkwashi ya san halin damina: ruwa na gangarowa, ƙasa ta jiƙe, danshi ya ratso siminti daga ƙasa. Nan ne epoxy da tayil suke rabuwa.

Epoxy ruwa biyu ne ake gaurayawa a shafa, ya daskare sumul, ba tsaga. Baƙin mai ya ɗiga, tsumma ɗaya ya isa. Ƙurar hunturu kuma tsintsiya ce maganinta. Sai dai ba ya shiri da danshi ko kaɗan. Na ga wani gareji a Gusau da daɓensa ya yi bororo bayan damina ɗaya, ana ɓare shi da farce kamar ɓawon albasa, abin ya ba ni takaici, don kuɗi aka zuba. Sabon siminti na buƙatar aƙalla kwana 28 kafin a shafa, kuma sai an goge fuskarsa da inji tukuna. Don gwada danshi, a manna leda a ƙasa ta kwana. Idan da safe ta yi gumi, a dakata. Rana tana mayar da epoxy rawaya, tayar mota mai zafi kan ɗago shi idan aikin na ganin-ido ne.

Tayil bai damu da danshi haka ba, masu sa shi ma ga su ko'ina. Amma jak ko faɗuwar sifana na fasa shi, mai kuma ya maƙale a tsakanin layuka.

Ni dai a busasshen daɓe, epoxy zan zaɓa. Inda ruwan dutse ke bi kuwa, a fara haƙa magudana, sannan a sa tayil mai kauri, marar santsi.