CBT ko tone-tonen baya, wanne zai fi maka?

Jiya a majalisarmu ta Jekadafari aka ɗauko zancen ciwon damuwa, wani yace ai wannan maganin na hira duk ɗaya ne, kaje ka zauna gaban likita kayi ta surutu. Nace a'a malam, akwai kala biyu manya kuma wallahi hanyarsu daban.

Na farko CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, wanda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya fito dashi a Amurka shekarun 1960. Shi abinda ke damunka yau ake kamawa. Misali ka gaida maƙwabci bai amsa ba, zuciya tace maka "shikenan kowa ya tsane ni", to za'a baka aikin gida, ka rubuta tunanin nan a littafi ka nemo hujjarsa, kaga watakila ma bawan Allah waya ce a kunnensa bai ji ka ba. Sati-sati ake zuwa, yawanci cikin 'yan watanni an gama, kuma yana aiki sosai kan damuwa da fargaba.

Ɗayan kuwa tushensa Sigmund Freud ne ɗan Austriya, shi sai an koma baya, yadda ka taso, riƙon kishiyar uwa, abinda ka binne a zuci tun kana ƙarami. Yana iya kai shekara ko fiye.

Ni dai ga mai shago a kasuwa wanda kuɗin keke ma sai yayi lissafi, CBT zan ce, amma fa in ba zaka yi aikin gidan ba kar ka wahalar da kanka. In ciwon yayi tsanani har sai an haɗa da ƙwayar magani ta asibiti, wannan likitan ƙwaƙwalwa ne zai yanke.