Shekara biyu da kwamfutar da na harhaɗa da kaina

Ni dai shagon buga takardu gare ni, kuma kafin wannan, wata kwamfutar ofis tokumbo nake amfani da ita, ba zan ambaci kamfanin ba. Wata rana NEPA suka dawo da wuta da ƙarfi fawa fak ɗinta, wato akwatin da ke raba wa kayan cikinta wuta, ya ƙone, har ƙauri ya cika shago. Na ɗauke shi na zaga kasuwa kusan sati guda, kowa ya duba sai ya ce oga wannan filoginsa daban ne, sai dai ka samu irinta da ta mutu a cire maka. Kwamfuta lafiyarta lau amma ta zama kujera.

Haushin nan ne ya sa na sayi kaya ɗaiɗai na haɗa, madabod (babban allon da ake jona komai a kai) na wani kamfani, RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi) na wani, akwatin ma na wani, kuma wallahi komai ya zauna daram saboda duk tsarin girma da jone-jone ɗaya mai suna ATX suke bi, wanda Intel ta fitar tun 1995, ramukan sukuru wuri ɗaya, filogin wuta mai fil 24 iri ɗaya. SSD ɗin ma, ma'ajiyar bayanai ke nan, M.2 2280 ne, wato faɗi milimita 22 tsawo 80, na kowane kamfani ka samu in dai irin wanda ake kira NVMe ne zai shiga.

Da damina wuta ta sake yi min irin ta da. Wannan karon fa ko gezau, na aiki yarona ya sayo wani fawa fak, sukuru huɗu na kwance na ɗaura, kafin la'asar mun ci gaba da bugawa masu jiran fom.

Amma kar wani ya ce maka komai na shiga komai. Ƙanena ya kawo min RAM DDR5 kyauta, nawa allon DDR4 ne, dukkansu fil 288 amma tsagar ba wuri ɗaya take ba, ya ƙi zama, saura kaɗan in danna da ƙarfi in yi ɓarna. Furosesa kuwa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, nan ne kowa ya kama gabansa, na AMD ba ya hawa gurbin Intel. Sai kuma ƙananan wayoyin maɓallin kunnawa da suka sa ni haska tocilan waya ina ƙifta ido kusan rabin awa.

Kwamfutar tana da girma, kuma tana shan batirin sola fiye da laftof, wannan kam na sani tun farko. Yanzu kuɗin katin hoto nake tarawa, ramin da ake soka shi, wato PCIe, na nan babu kowa.