Shekara 14 da bindigata mai baki biyu

Ɗan ƙanwata ne ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar ina goge bindigar farautata, ya ce, "Kawu, wannan ai ta gama yayi. Ka sayar ka nemi mai ɗura wa kanta harsashi, ita ce mai daraja yanzu." Maganarsa ce ta sa na zauna rubuta abin da na gani a shekara 14 da na yi da ita.

Tawa ƙirar Rasha ce, mai baki biyu, harsashi lamba 12 take ci. Tana da nauyi, in ka wuni da ita a kafaɗa a fadamar Rima za ka ji a jikinka. Tana kuma dukan kafaɗa in ba ka matse ta da kyau ba. Sa'ad da take sabuwa, da ƙyar nake karya ta in sa harsashi. Wata shekara zafin Afrilu ya tsaga mini ƙotar, don na bar ta a cikin mota. Amma ko sau ɗaya ban taɓa danna kunama ta ƙi tashi ba, ko a tsakiyar hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Zabi da fakara da zomo, duk na ci da ita.

Waccan da yaron ke so, na san yadda take. Kowane harbi, ƙarfin tashin harsashin ne ke fitar da kwanso ya shigar da sabo, kai dai danna kunama ne naka. Ba sabon abu ba ne, wani maƙerin bindiga Ba'amurke, John Browning, ya ƙera irinta mai suna Auto-5 fiye da shekara 100 da suka wuce, aka daɗe ana yin ta a Beljiyam. A Amurka da Turai, sunan maƙeri da lafiyar bututu da kasancewar kayanta na asali su ke yanke mata kuɗi. Sai dai kayan cikinta masu motsi suna da yawa, ƙurar Sakkwato kuwa ba ta raga wa ƙarfe mai motsi. Wa zai gyara maka ita a nan, a ina kuma za ka samo kayanta?

Babbar maganar ma takarda ce. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Adaka, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinta. Irin tawa, sufeto janar na 'yan sanda. Amma bindigar harbin tsuntsu mai ɗura wa kanta harsashi an cire ta daga wannan rukuni, ta faɗa cikin waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. A 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Da halin rashin tsaro da ake ciki a Isa da Sabon Birni, wanda aka tare a shinge da bindiga ba takarda, ba wanda zai tsaya jin cewa zomo ya fita nema. Ni a wurina irin wannan ba ta da ƙima ko ta kwabo, komai ƙyallinta.

In za a kimanta bindiga a gabana, lambar jikinta nake fara dubawa ko ta dace da ta lasisi. Sannan in karya ta, in ɗaga bututun wajen haske in leƙa. Tsatsar waje ana goge ta, amma in ta ci ciki ta yi ramuka, kuɗi ya faɗi ke nan. In rufe in girgiza: in mahaɗin na motsi, ta tsufa. Ƙota kuwa kafinta mai hannu zai iya ɗaure ta, kamar yadda aka yi wa tawa.

Yaron ya leƙa bututun da kansa, ya ga ba ɗigon tsatsa. Na ce masa ba ta sayarwa ba ce. Na shafa mata mai, na mayar da ita akwati na kulle, harsashin kuma yana wani ɗakin daban saboda yara.